Ɗan Kwaran Filin Reluwe

Ni ɗan fari ne a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu na da ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. In yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" ko ya ce wa ƙanwata, "Ce wa yaron nan ya zo." Mahaifiyata ma haka take, sai dai ita in ba kowa a tsakar gida takan turo mini ƙarin tuwo a murfi ba tare da ta dube ni ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Kowa ya san haka, ni ma na sani, amma sanin bai hana ni jin abin da nake ji ba ina ɗan shekara goma sha biyu.

A Nguru muke zaune, a shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Mahaifina fataucin banda yake yi. Yakan sayo kifin a Gashua da ƙauyukan bakin ruwa irin su Dagona, a ɗaure a manyan kwanduna, a loda wa jirgin ƙasa zuwa kudu. Garinmu ne ƙarshen layin dogo, saboda haka duk wanda jirgi ya kwaso bai sauke a hanya ba, mu ake juye wa shi. Akwai Yarabawa da Inyamurai masu aikin reluwe, akwai Turawan kamfani masu sayen gyaɗa, akwai kuma Kwarori, wato Larabawan Sham masu kantuna. Kowane jinsi da unguwarsa da wurin hirarsa, ana gaisawa a kasuwa, a rabu a nan.

Wuri ɗaya na sani da ba a rabuwa, shi ne filin da ke bayan ma'ajiyar kaya ta tashar jirgi. Wani akawun tasha, Bayarabe ne da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu, shi ya tara mu ya kafa mana ƙungiyar ƙwallo. Akawu kawai muke ce masa. Yana da ƙwallon fata na gaske, mai bilada a ciki da igiyar ɗaurewa, wanda in ka sa masa kai daidai wurin igiyar sai ka ga taurari da rana tsaka. Dokokinsa kaɗan ne. Bayan la'asar ake taruwa, ba a zagin uwa, kuma ba mai sa takalmi, don mafi yawanmu ba mu da shi. Ni ya naɗa kyaftin, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don na fi kowa murya da faɗa. Har yau ban canza sosai ba, jikokina shaida ne.

Ana nan sai jirgi ya juye mana wani Kwara da matarsa da 'ya'ya biyu, namiji sa'ana da wata 'yar ƙaramar yarinya. Ba irin Kwarorin da muka sani ba ne masu manyan kantuna da motoci. Wani ɗan ɗaki ya kama a bakin kasuwa yana sayen fatu da ƙaro, kwat ɗinsa ɗaya, gwiwar hannunta ma da faci. Turawa ba sa kiransa kulob ɗinsu, 'yan'uwansa masu kuɗi suna yi masa kallon wanda ya zo ya rage musu daraja, mutanen gari kuwa suna ganin farar fata sai su ɗauka ba ya bukatar kowa. Matarsa ba ta jin ko sannu da Hausa. Masu kai musu ruwa suka ce yini take a bakin taga tana kallon titi, in an dube ta sai ta saki labule.

Ɗan Kwaran nan ya yi kwanaki yana zuwa bakin fili ya tsaya nesa, hannu a aljihun gajeren wando. Ba wanda ya ce masa zo, ba wanda ya ce masa tafi. Rannan ƙwallo ya ɓalle ya nufi wajensa, ya tare da ƙirji, ya sauke, ya maido mana da ƙafar hagu, bugun da ya sa golanmu ya tsaya baki buɗe. Akawu ya yafito shi, ya nuna masa takalminsa ya girgiza kai. Yaron ya zauna ya cire, ya jera su a gindin aduwa, ya shigo. Bai yi taku goma ba ƙarangiya ta yi masa maraba. Ya dinga ɗingishi yana tsalle yana wani yare, mu kuwa har da masu faɗuwa ƙasa don dariya. Na ce wa yara gobe ba za mu gan shi ba. Washegari shi ya riga kowa zuwa, tafin ƙafarsa duk a ɗaure da tsumma.

Kafin wata biyu ya iya Hausa, kuma kamar kowane yaro da zagi ya fara. Ya iya ƙwallo fiye da ni, wannan ban taɓa musu ba ko a lokacin. Ni ina tsakiya ina ture mutane, shi yana gefen hagu yana wuce su kamar ba ya son ya dame su. Muka saba. Yakan zo zaurenmu mu ci ɗanwake a kwano ɗaya, ni kuma in je bayan kantinsu uwarsa ta ba mu wata gurasa mai faɗi da man zaitun, wadda na ci don kunya da farko, daga baya na ci don daɗi.

Sai uban ya fara zuwa kallo. Iyayenmu ba sa zuwa. Ƙwallo wasan yara ne, babba mai mutunci ba ya tsayawa a kansa, balle in ɗansa na ciki. Shi kuwa Kwara sai ya rufe kanti da la'asar, ya zo da tulun ruwa da ya matse lemun tsami a ciki, ya tsaya daf da layi yana ihu. Yana kiran sunan ɗansa da ƙarfi, ɗansa na fari, a bainar jama'a! In yaron ya ci, sai ya ruga cikin fili da kwat ɗinsa ya ɗaga shi sama, ya sumbace shi a kumatu biyu yana cewa, "Habibi! Habibi!" wato masoyina da Larabci. Ranar farko mun tsaya cak, mun rasa inda za mu sa idonmu.

Labari ya kai kasuwa cewa akwai wani Kwara da ke rawa a filin reluwe. Dattawa suka fara zuwa, wai iska suke sha a gindin aduwa, alhali shi suka zo kallo. Akwai wani tsohon Babarbare mai goro da ya fi kowa dariya, shi ne kuma ya fara matsa masa a tabarma. "Wushe, Kwara," in ji shi, wato sannu da Barbarci. "Zauna ka huta, kada ka riga yaran gajiya." Kwara ya zauna, bai daɗe ba ya sake zabura. A hankali suka koya masa cin goro da doguwar gaisuwa, yana tambayar gida da gajiya da iyali yana ƙirgawa da yatsu kada ya tsallake ɗaya. Suka fara kai masa fatu kai tsaye ba sai ta hannun dillali ba. In an yi suna ko rasuwa a unguwa sai a aika masa, ya zo ya tsuguna a ƙofar gida da tsohuwar kwat ɗinsa cikin manyan riguna. Har mahaifina ya shiga zama a gindin aduwar nan. Yakan ba fili baya ko ya zauna a karkace, yana hira da Kwara a kan farashin dakon jirgi, kamar bai san ana wani wasa a wurin ba.

Matar ma ta fito, kuma riguna ne suka fito da ita. Akawu ya ce ƙungiya ba ta cika ba sai da riguna iri ɗaya. Kwara ya samo buhunan fulawa, aka wanke, matarsa ta yanka guda goma sha ɗaya. Amma ba ta san inda ake rini ba, ɗinkin kuma ya yi mata yawa. Wata rana da hantsi sai ga ta a ƙofar gidanmu da ƙunshi a hannu, ɗanta na yi mata tafinta. Mahaifiyata ta shimfiɗa mata tabarma, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, kafin azahar tsakar gidanmu ta cika da allura da zare da surutu. Ba ta jin abin da suke cewa, su ma ba sa jin nata, amma na ji dariyarta har zaure. Aka kai rigunan marina suka dawo baƙin shuɗi, suna zuba a jikinmu in mun yi gumi. Daga ranar kusan kullum tana gidanmu ko gidan maƙwabta, 'yarta na goye a bayan wannan ko waccan. Ta koyi daka har hannunta ya yi kanta. Mijinta kuwa duk wanda ya tambaye shi daga ina yake, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Mu mutanen Nguru."

Duk wannan ina gani ina jin daɗi, amma akwai abin da ke cina a ciki wanda ban gaya wa kowa ba. Duk sa'ad da Kwara ya ɗaga ɗansa sama, sai in saci kallon gindin aduwa, in ga ƙeyar mahaifina.

Bayan kaka aka shirya mana wasa da yaran makarantar Gashua, can garinsu. Saura kwana huɗu mu tafi muka yi wasan gwaji da yaran Sabon Gari, mutane suka taru fiye da kullum. A ranar na ci ƙwallo mai kyau, irin wanda mutum ke ci sau ɗaya a shekara, daga nesa, ya daki sanda ya shige. Ban ankara ba sai na ji an sure ni sama. Kwara ne. Ya sumbace ni a ka, ya kama hannuna ya ja ni har gaban dattawa, ya tsayar da ni a gaban mahaifina.

"Alhaji, duba!" in ji shi, ko da yake mahaifina bai je Makka ba a lokacin. "Ɗanka ne wannan! Kai ba ka gani? Kullum yana dubanka, kullum kai duba can. Faɗa masa magana ɗaya. Kira sunansa!"

Tsohon Babarbare ya sunkuyar da kai yana ɓare goron da ya riga ya ɓare. Wani ya yi tari. Shi Kwara da zuciya ɗaya ya yi, ya ga abin da ya ɗauka rashin kulawa ne ya ce bari ya gyara, ba wanda ya taɓa gaya masa yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Mahaifina ya yi wani ɗan murmushi na dole. Bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya shafa kan ɗan Kwara, wanda ya biyo mu yana haki, ya ce, "Wannan yaron naka dai ya iya ƙwallo. Allah ya yi masa albarka."

Yanzu da na tsufa na san abin da ya yi. Ya nemi hanyar da zai fita daga kunya ba tare da ya kunyata baƙonsa ba, ya yaba ɗan wani tunda ba ya iya yaba nasa, kuma duk dattijon da ke wurin haka zai yi. A lokacin ma na san haka. Abin da ya ƙona ni shi ne, a ɗan tsakanin nan kafin ya yi magana, na ɗaga kai na jira. Na jira ya faɗa, kuma kowa ya ga na jira.

Yara ba su bar ni ba. Kafin magariba na zama "ɗan lelen Kwara". Wani ya dinga tsotsar bayan hannunsa yana kwaikwayon sumba, na fasa masa leɓe, Akawu ya ce in na ƙara zai karɓe kyaftin. Ɗan Kwara ya biyo ni hanya yana cewa, "Babana bai sani ba, ka yi haƙuri." Na ce masa ba komai. Ƙarya nake yi. Ba zan iya fushi da mahaifina ba, ba zan iya zagin babban mutum ba, saura wanda aka shafa wa kai.

Ranar tafiya Kwara ne ya samo mana mota, wata babbar mota da za ta ɗauko masa fatu daga Gashua. Muka hau baya da asuba, mu goma sha uku da Akawu. Kwara ya ƙi zama gaba, ya hau cikinmu da tulunsa, ya ce a ba mahaifina gaba, don shi ma yana da sayayyar banda a can. Hanyar yashi ce, mota ta kafe sau uku, muka sauka muka tura muna sa ganyen kaba a ƙarƙashin taya. Kwara yana turawa yana rera waƙar da yara suka koya masa, yana ɓata ta, ana dariya. Ni ban yi dariya ba, ba kuma wanda ya kula.

Filin Gashua yana kusa da kogi, ƙasarsa ta fi tamu tauri. Mutane sun kewaye shi, Badawa da Barebari da Fulanin da suka kawo shanu kasuwa. Malamin makarantar, wani dogo mai tabarau, shi ne alƙalin wasa. Kafin a fara ya ce akwai sharaɗin da suka yi da Akawu ta wasiƙa. Wata shekara wasu sun zo musu da ƙartin yara da aka ɗauko daga wani gari, saboda haka yanzu 'yan gari kaɗai ke wasa, kuma kyaftin ne zai tsaya ya shaidi kowane yaro da bakinsa. Abin da kyaftin ya faɗa shi ke nan, ba gardama.

Muka jeru cikin shuɗɗan rigunanmu. Malam yana nuna yaro, ina cewa, "Namu ne." Ya nuna ɗan Bayaraben da ubansa ke gyaran inji, na ce namu ne. Ya nuna Inyamurai biyu 'yan gida ɗaya, waɗanda ba su fi shekara biyu a garin ba, na ce namu ne. Ya zo kan ɗan Kwara ya tsaya, ya sauke tabarau, ya yi dariya. Wallahi ba da zargi ya tambaya ba, wasa yake yi.

"To, kyaftin, wannan farin fa? Shi ma naku ne?"

Yaron yana murmushi, yana jiran in faɗi abin da na faɗa sau tara. Na hango ubansa a bakin layi ya riga ya cire kwat ya rataya a kafaɗa. Can baya kuma, a gindin wata tsamiya, na hango mahaifina a tsaye a karkace, wai yana duban kogi.

Na ce, "Baƙo ne, Malam. Bara suka zo."

Ban yi ihu ba, amma an ji. Malam ya daina dariya. Ya dube ni, ya dubi Akawu. Akawu ya taso da sauri yana cewa, "Haba Malam, yaron nan a garin yake zaune, ubansa ga shi can, kantinsu na bakin kasuwa, kowa ya san su." Kyaftin ɗin Gashua, wanda ya ji labarin ƙafar hagun nan, ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Mutanensu suka ɗauka. Malam ya sake juyowa gare ni ya ce, "Yaro, na sake tambayarka. Ɗan garinku ne ko baƙo?" Ya ba ni ƙofa a buɗe, har da sassauta murya. Taurin kai irin nawa ya hana ni komawa baya a gaban taro. Na dubi ƙasa na ce, "Na faɗa."

Rigunan goma sha ɗaya ne cif, babu ta ajiya. Ɗan Kwara ya kama wuyan rigar da uwarsa ta yanka da hannunta, ya cire ta ta ka, ya miƙa wa yaron da zai maye gurbinsa. Shunin ya zuba masa a kafaɗu da ƙirji. Ya taka ya fita fili a hankali, ba riga, mutane na buɗa masa hanya. Ubansa bai gane abin da ya faru ba da farko, yana ta tambaya, "Me? Me ya yi?" Wani ya yi masa bayani. Na ga ya tsaya, ya dube ni daga nesa, ba da fushi ba, kamar dai mai son ya tabbatar ni ne. Sannan ya sauke kwat ɗin daga kafaɗarsa ya yafa wa ɗansa. Da na waiwaya gindin tsamiya, mahaifina ba ya nan, ya tafi wajen masu kifi.

Mun ci su ɗaya da nema, kuma ni na ci. Da ma mun sha kashi, da ya fi mini sauƙi. Da ƙwallon ya shiga na juya bakin layi, don jiki ya saba. Kwara yana tsaye inda yake, hannu ɗaya a kafaɗar ɗansa. Ya saki kafaɗar, ya tafa mini sau biyu ko uku, a hankali, ya mayar da hannunsa. Da aka tashi hutu ya kawo tulunsa kamar kullum, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da kwanon sha, ni ma ya miƙo mini. Na karɓa na sha.

A hanyar dawowa muna zaune a kan fatu masu wari, ba mai waƙa. Akawu bai yi mini magana ba sai da muka sauka, ya ce, "Kai ne kyaftin har yanzu, don ban ga dokar da ka karya ba. Amma ka ba ni kunya." Yaran da suka yi mini dariya kwana huɗu da suka wuce su ne yanzu ke matsawa in na zauna kusa da su.

Ɗan Kwara bai sake zuwa fili ba. Akawu ya je har kanti sau biyu, aka ce masa yaron yana taya ubansa aiki. Uban ma ya daina zuwa gindin aduwa. Tsohon Babarbare ya aika masa da goro, ya aiko da godiya ya ce aiki ne ya yi yawa. In an yi suna ko rasuwa yakan zo har yanzu, amma sai ya gaisa daga tsaye ya juya. An ce wani ya tambaye shi a tasha daga ina yake, ya faɗi sunan wani ƙauye na ƙasarsu da ba wanda ya taɓa ji. Matar ta zo gidanmu sau biyu ko uku bayan haka, ta zauna a bakin tabarma, daga nan ta ɗauke ƙafa. Mahaifiyata ta shiga aika mata da fura ta hannun ƙanwata, ba ta hannuna ba kamar da. Wata rana tana tankaɗe, ina wucewa, ta ce wa rariyarta, "Matar nan ba ta da kowa a ƙasar nan sai mu."

Mahaifina bai taɓa ɗaga maganar ba, bai dake ni ba, bai ce wa kowa ya gaya mini komai ba. Abin da ya yi shi ne, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya wuce kantin Kwara da babbar rigarsa, ya zauna a kan benci cikin warin fatu har la'asar. Ba ciniki ke kai shi ba. Wani lokaci ma ba sa magana, kowa na kallon titi. Na san saboda wa yake wannan zaman, kuma da ya zane ni da bulala da ya fi mini.

Sau uku ina zuwa don in ba da haƙuri. Na farko na kai bakin kasuwa na juya. Na biyu na hango yaron yana jera fatu a rana, ya ɗago ya gan ni, na yi kamar aike aka yi mini wajen masu gishiri. Na uku na isa har ƙofa, uwar ta leƙo, ta gan ni, ta koma ciki ta fito da gurasar nan a nannaɗe ta sa mini a hannu. Na karɓa na gudu. Ni da ke iya faɗa da yara uku a lokaci ɗaya, na kasa buɗe baki in faɗi kalma biyu.

Kafin damina aka ce za su tashi. Wani ɗan'uwansa ya kira shi Kano su haɗa kanti. Na sha gaya wa kaina cewa ko ba ni za su tafi, cinikin fatu ba ya riƙe ƙaramin ɗan kasuwa, kuma wataƙila gaskiya ne. Amma na san mutumin da ya yi shekara yana bugun ƙirji yana cewa shi mutumin Nguru ne, ba haka nan zai ɗaure kaya ba tare da ya yi ja-in-ja da zuciyarsa ba, kuma na san wanda ya sauƙaƙa masa.

Ranar tafiyarsu da safe Akawu ya tara mu duka muka je tasha. Dattawan gindin aduwa sun zo, mahaifina na cikinsu. Mata ba su fito ba, amma sun aiko da ƙwarya da tabarma da ƙullin daddawa, matar na karɓa tana share ido da gefen mayafi. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa. Zan ce ƙarya na yi, ku namu ne, kowa ya san ku namu ne. Na maimaita shi a hanya har na haddace.

Kwara ya bi yara yana ba kowa hannu. Ɗansa ya riga ya shiga jirgi, yana zaune a ɗaya gefen inda ba taga ta wajenmu. Da uban ya zo kaina bai sure ni ba, bai sumbace ni ba, ya riga ya koyi yadda ake yi. Ya miƙo hannu kamar yadda ake miƙa wa babba, ya riƙe nawa da hannu biyu.

"Kyaftin," ya ce, "kada ka damu. Kai ba ka yi ƙarya ba. Mu baƙi ne."

Jirgi ya yi kuka. Mahaifina yana tsaye taku uku daga inda nake, yana duban wani wuri, amma na san kunnensa na nan. Na buɗe baki, duk abin da na haddace yana kan harshena. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce amin, ya saki hannuna, ya hau.